Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Fashin Baƙi Kan Fansho da Tanadin Ritaya

Shekara 35 cif kawuna ya yi yana aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a nan Katsina. Da kuɗin sallamarsa suka fito, bayan jiran da ya haura shekara guda, sai ya sayi keke napep biyu ya ba yara a kan balas, ya buɗe wa babban ɗansa shagon kayan masarufi a bakin titi wajen Ƙofar Ƙaura, ya aurar da 'ya'ya mata biyu a rana ɗaya. Kowa ya sa masa albarka. Ba a rufa shekara biyu ba keke ɗaya ya koma wurin bakanike ya zauna, ɗayan direba ya gudu da shi, shagon kuma bashin 'yan uwa da cefanen gida suka cinye shi. Wata yamma na je gaishe shi, na tarar da shi a kan tabarma yana duba saƙon banki a waya. Na ce, "Kawu, fanshon ya shigo?" Ya ce, "Ya shigo, ɗana. Amma ka tambaye ni buhu nawa ya shigo."

Wannan tambayar ta buhu ita ce duk maganar da nake son mu warware. Sai dai kafin a kai gare ta, dole a fara sanin wane irin fansho mutum yake ciki, don da yawa daga ma'aikatanmu ana yankar musu kuɗi duk wata ba su san inda yake zuwa ba.

A tsohon tsari, wanda iyayenmu suka sani, ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Gwamnati ce ke yin alkawari: ka cika shekara 35, za a ba ka garatuti na albashin shekara uku a dunƙule, sannan kashi 80 cikin 100 na albashinka na ƙarshe ya zama fanshonka har ƙarshen rai. Alkawari ne mai daɗin ji, amma babu wani asusu da aka tara kuɗin a ciki. Daga kasafin kuɗin kowace shekara ake biya, don haka duk shekarar da aljihun gwamnati ya yi rauni, tsofaffi ne ke fara ji a jikinsu. Daga nan ne layin tantancewa da tarin ariyas suka samo asali.

A 2004, zamanin Obasanjo, aka yi dokar gyaran fansho da ta kawo tsarin karo-karo, aka kafa Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom. A lokacin, kashi 7.5 ma'aikaci ke zubawa, wanda ya ɗauke shi aiki ma ya zuba 7.5. A 2014, zamanin Jonathan, aka sabunta dokar: ma'aikaci kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10 aƙalla, jimilla 18. Ba daga duk abin da ke shiga hannunka ake lissafin ba, mafi ƙanƙanta shi ne tushen albashi haɗe da alawus ɗin gida da na sufuri. Idan waɗannan ukun sun kama naira 100,000, to 18,000 ne ke shiga asusunka duk wata, 216,000 ke nan a shekara. Asusun da sunanka yake, yana da lambarsa, kuma yana bin ka ko ka sauya wurin aiki. Kamfanin da ka zaɓa, wanda ake kira PFA, shi ke juya kuɗin, amma ba a hannunsa suke ba, wani kamfani daban ne mai ajiya ke riƙe da su. An raba aikin ne da gangan don kada mai juyawa ya zama shi ne mai maƙullin sito.

Wannan tsarin ya hau kan ma'aikatan tarayya, kamar na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina ko Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, da ma'aikatan bankuna da kamfanoni. Sojoji da jami'an leƙen asiri an tsame su. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma kuwa, dokar da majalisar jiharsa ta yi ce ke magana a kansa, shi ya sa jihohi suka bambanta. Maƙwabtanmu na Jigawa, alal misali, sun ɗauki hanya ta tsakiya: ana karo-karo, amma kuɗin na shiga tukunya ɗaya ne, kuma ana biyan mutum gwargwadon albashinsa da shekarun aikinsa. Don haka malamin firamare a Daura da malamin kwalejin tarayya a Katsina za su iya zama a majalisa ɗaya suna kukan fansho, alhali ba ciwo ɗaya ke damunsu ba.

Abin da ya fi ba masu ritaya haushi a tsarin karo-karo shi ne ranar da suka gane ba za a miƙa musu kuɗin duka ba. Ba a taɓa asusun sai mutum ya yi ritaya kuma ya kai shekara 50. A ranar ma, wani kaso ake ba shi a dunƙule, bayan an duba shekarunsa da albashinsa na ƙarshe da yawan abin da ya tara, sauran kuma a riƙa biyan sa wata-wata. A nan hanya ta rabu biyu, kuma zaɓin yana da nauyi. Ko dai ya bar kuɗin wurin PFA ɗinsa suna ci gaba da juyawa suna biyan sa, in ya rasu abin da ya rage ya zama gado, amma in Allah ya ja kwana asusun na iya yin ƙasa sosai. Ko kuma ya miƙa su ga kamfanin inshorar rai, wanda zai biya shi har ranar da ya bar duniya ko da ya kai shekara 100, sai dai lamunin magada na shekara 10 ne kawai: in ya rasu a shekara ta shida, za a ba iyalansa na shekara huɗun da suka rage, in ya wuce goma babu abin da za a ba su. Wanda ya fara da PFA na iya komawa inshora daga baya. Wanda ya tafi inshora ba ya dawowa. Wakilan kamfanonin nan kan yi ta zarya a ofisoshi idan mutum ya kusa fita, kowa na yabon tallarsa, kuma ba kowa ne ke faɗin wannan ƙa'ida ta ƙarshe da babbar murya ba.

Akwai ƙananan ƙofofi da doka ta bari. Wanda ya rasa aiki kafin shekara 50, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, zai iya karɓar kashi 25 na asusunsa. Tun 2022 ana iya amfani da har kashi 25 a matsayin kafin alƙalamin sayen gida ta hanyar bankin lamunin gidaje. Tun Nuwamban 2020 mutum na da damar sauya PFA sau ɗaya a shekara idan bai gamsu da wanda yake ba. Ga kuma wadda ta fi shafar mu a nan: yawancin kuɗin fansho ana zuba su ne a takardun bashin gwamnati masu kuɗin ruwa, abin da ya daɗe yana tsaya wa mutane a rai. A 2021 PenCom ta fitar da ƙa'idojin Asusu na Shida, wanda ba a zuba kuɗinsa sai a hanyoyin da ba ruwa, irin su sukuk, wato takardun jari da ake biyan haya a kansu maimakon ruwa, da hannun jarin kamfanonin da aka tace. Ba a kai mutum can kai tsaye, sai ya rubuta wa PFA ɗinsa ya nema. Na sha zama da ma'aikatan da ke ƙorafin riba a fanshonsu shekara da shekaru, ba su taɓa jin wannan asusun ba.

Yanzu mu koma ga buhun Kawu.

Fansho da naira ake rubuta shi, amma da tiya ake cin sa. A 2019 aka mayar da mafi ƙarancin albashi 30,000, lokacin kuɗin sun kai kusan dala 80. A Yulin 2024 aka ɗaga shi zuwa 70,000, ya ninka har da ɗori a takarda, amma a canjin lokacin bai kai dala 50 ba. Tsakanin waɗannan shekarun an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuma a Disambar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Mai aiki yana da ƙungiyar ƙwadago da za ta yi barazanar yajin aiki, yana da ƙarin girma, yana da ɗan alawus ɗin tafiya. Ɗan fansho ba shi da aikin da zai janye. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka yi ƙarin albashi, sashe na 173 ga ma'aikatan tarayya, na 210 ga na jihohi. Amma kasuwa ba ta jiran shekara biyar.

Lissafin ba wuya. Idan farashi na tashi da kashi 15 duk shekara, a shekara biyar kuɗinka sun rasa rabin ƙarfinsu. Idan kashi 20 ne, ba za a ma cika shekara huɗu ba. Mutumin da ya bar aiki yana da shekara 60, Allah ya ba shi rai zuwa 80, zai ga wannan rabewar sau huɗu ko biyar. Fanshon da ya sayi buhu huɗu a watan farko zai koma biyu, ya koma ɗaya, ya koma rabi, alhali a daidai wannan shekarun ne kuɗin maganin hawan jini da na suga ke shigowa lissafi. Ga shi kuma a ƙasar nan ba kasafai mutum ke ritaya shi da matarsa kaɗai ba. Da yawa suna fita ne da 'ya'ya a firamare, wasu ma da na goye.

Shi ya sa a ganina kuskuren Kawu ba keke napep ba ne, ba kuma shago ba. Kuskuren shi ne ya fara koyon kasuwanci yana da shekara 60, da kuɗin da ba su da mayi. Kowace sana'a tana da kuɗin koyo, wato asarar da mutum kan yi kafin ya san kanta. Wanda ya yi wannan asarar yana da shekara 42, albashin wata mai zuwa zai rufe masa asiri. Wanda ya yi ta da kuɗin sallama, babu abin da ke bayansu. Ritaya kuwa, cikin duk abubuwan da ke samun ɗan Adam, ita ce wadda aka rubuta wa rana tun farko: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Dokar tarayya ta 2022 ta ƙara wa malaman makaranta zuwa 65 ko 40. Ranar da ka karɓi takardar kama aiki ka san ranar fitarka.

To a ina za a ajiye abin da zai bi farashi idan ya tashi?

Bakatsine in ya samu rara, fuloti yake fara tunawa, kuma bai yi laifi ba. Wanda ya sayi fili a gefen gari shekara 20 da suka wuce, ta hanyar Dutsinma ko ta Daura, ya ga yadda gari ya iske shi. Amma fili ba ya haihuwar cefane. Sai an sayar ko an gina an sa haya, kuma ranar da ciwo ya taso cikin dare, dillali na jin ƙanshin matsuwa tun daga nesa. Ga rigimar fili ɗaya da aka sayar wa mutum uku, wadda maganinta shi ne takardar mallaka daga hukuma, ba ta mai unguwa kaɗai ba. Na fi ganin hikimar wanda ya gina shaguna biyu ko ɗakunan haya a hankali, bulo ɗari yau, kwano bandir ɗaya gobe, tun yana aiki. Kuɗin haya ana sabunta su, kuma wannan ne abin da fansho ya rasa.

Shanu su ne bankin kakanninmu. Matsalar tsaro a yankunan Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari ta sauya wannan lissafi: garken da aka ba makiyayi amana a daji na iya tafiya a dare ɗaya. Abin da ya rage mai ma'ana ga ma'aikaci shi ne turka a gida, raguna ko bijimi, a saya a Charanchi ko Mai'aduwa a kiwata zuwa babbar salla. Shi ma sai an iya lissafin dusa da harawa da ƙaiƙayi, don mutane da yawa na sayar da rago su yi murnar riba, ba su taɓa haɗa abin da ya ci ba. Ajiyar hatsi ma haka take. Shekaru da dama wanda ya sayi masara da kaka a Dandume ko Funtua ya fitar da bazara ya ci riba, har mutane suka ɗauka doka ce. A 2025 farashi ya karye, masu sito da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Banda ƙwari, banda kuma abin da malamai ke faɗa kan ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin buƙata.

Adashi ba jari ba ne. Abin da ka zuba shi za ka kwasa, kuma mai kwasar ƙarshe kuɗinsa sun rage daraja. Amfaninsa shi ne yana tilasta maka tarawa, don haka tambayar ita ce me za ka saya ranar kwasa.

Sai kuma takardu, waɗanda mutanenmu ke ɗari-ɗari da su. A 2017 Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya fitar da sukuk na farko na gwamnatin tarayya, naira biliyan 100, na shekara bakwai, aka yi tituna da kuɗin. Mai sukuk ba bashi da ruwa ya bayar ba, yana da kaso ne a kadarar, gwamnati na biyan sa haya duk wata shida, a ƙarshe ta mayar masa da uwar kuɗi. Na farkon nan ya biya kashi 16.47 a shekara, kuma da naira 10,000 ana shiga. An sake fitarwa sau da dama bayan nan, ana saye ta bankuna da dillalan hannun jari. Amfaninsa natsuwa, ba direban da zai gudu, ba ƙwarin da zai ci. Rauninsa kuwa irin na fansho ne: hayar a tsaye take, kuma shekarar da farashi ya tashi da kashi 30, mai karɓar 16 ya yi baya ko da asusunsa ya ƙaru. Hannun jarin kamfanoni ya fi iya bin farashi a tsawon lokaci, don kamfanin siminti ko na sukari na ƙara kuɗin kayansa, amma duk wanda ya shiga kasuwar a 2007 ya ga yadda farashin hannun jari ya karye a 2008 ba ya buƙatar a yi masa wa'azi. Wuri ne na kuɗin da ba za ka nema ba sai bayan shekara goma, kuma kada su zama duka abin da ka mallaka. Wanda ba ya son zaɓen kamfani da kansa, akwai asusun haɗaka na halal da ke ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar da ke sa ido a kasuwar hannun jari. Ajiyar banki kuwa, ko a Jaiz ne ko TAJ ko wani, wurin kuɗin ko-ta-kwana ne. Tun 2024 hukumar NDIC ke lamunce har naira miliyan biyar ga kowane mai ajiya idan bankin kasuwanci ya durƙushe.

Ba zan daɗe kan masu ninka kuɗi ba. MMM ta rufe a Disambar 2016, CBEX ta tafi da na mutane a Afrilun 2025, kuma wata na nan tafe da sabon suna, wataƙila har da kalmar halal a jiki da hoton wani mai rawani. Sukan san lokacin da aka biya garatuti.

Wani abu da masu lissafin jari na zamani ba sa sawa a ma'auni, mu kuma dole mu sa, shi ne zakka. Kuɗin da suka kai nisabi, kimar giram 85 na zinare, suka shekara, ana fitar da kashi 2.5. Kuɗin da aka kwantar ba juyawa, farashi na ci ta gefe, zakka na fita ta gefe. Yadda za a yi da na asusun fansho da mutum ba shi da ikon taɓawa, wannan fatawa ce, a kai wa malamai.

Duk wannan maganar kamar ta masu albashi ce, alhali yawancin mutanen Katsina ba su taɓa karɓar albashi ba. Tela, ɗan kabu-kabu, mai shayi, mai saƙar hula, matar da ke dakan ƙuli-ƙuli a cikin gida, su ma ƙarfi na ƙarewa, kuma ba wanda zai rubuto musu takarda. A Maris ɗin 2019 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu: mutum ya buɗe asusu a PFA, ya riƙa zuba abin da ya samu, kullum ko mako-mako ko wata-wata. A tsarin da aka fara da shi, kashi 40 ana iya cira idan buƙata ta taso, 60 kuma sai tsufa. Bai karɓu sosai ba, kuma ban ga laifin mutane ba, don wanda ya ga maƙwabcinsa na zaryar fansho da sanda ba zai yi saurin kai kuɗinsa da ƙafarsa ba. Amma ga wanda kuɗi ba sa kwana a aljihunsa saboda biki da suna da 'yan uwa, wurin da hannu ba ya kaiwa da sauƙi shi kansa wata riba ce.

Akwai kuma aikin takarda, wanda ba ya cin ko sisi amma ya fi komai jawo jinkiri. Ranar haihuwa ɗaya a fayil ɗin ofis, wata a katin ɗan ƙasa, wata a banki. Suna Muhammadu a nan, Mamman a can. Wanda ya buɗe asusun fansho kafin Yulin 2019 ana buƙatar ya je PFA ɗinsa a sabunta bayanansa da lambar NIN. A riƙa duba saƙon asusu, don yankewa daga albashi daban, isar kuɗin asusu daban, kuma gibin wata shida ya fi sauƙin bi a bana fiye da bayan shekara 15. Wanda ake cire wa kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa, kuɗinsa ne, yana da haƙƙin neman a mayar masa bayan ritaya idan ba bashin gida a kansa. Idan ma'aikaci a tsarin karo-karo ya rasu yana bakin aiki, doka ta wajabta wa wanda ya ɗauke shi inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara, banda abin da ke asusunsa. Sunan da ya rubuta a gurbin makusanci kuma ba shi ke nufin magaji ba: kamfani zai nemi takardar izinin gado daga kotu, sannan a raba yadda shari'a ta tsara.

Da na zayyana wa Kawu wannan na ƙarshen, sai ya yi shiru, sannan ya ƙwala wa Inna kira. Ya ce ta ɗauko masa baƙar jakar da ke saman sif. Ta kawo, ya buɗe, ya fara nuna mata takardun ɗaya bayan ɗaya: wannan ta fansho ce, ga lambar, wannan ta gonar Ajiwa, wannan ta filin da bai taɓa gaya mata ya saya ba. Ta dube shi ta ce, "Malam, shekara 38 muna tare, sai yau?" Ya ce, "To ai ga shi yau ɗin ta zo. Kira mini Babangida ya kawo biro, a rubuta waɗanda nake bi da waɗanda ke bi na."